Yadda Ferrari Ta Mayar da Inji Bayan Direba: Daga 246 SP Zuwa Le Mans ta 1963

Da hantsin Lahadi, 16 ga Yunin 1963, wata jar mota ta tsaya a rumfar kanikawa a filin tseren Le Mans da ke Faransa don a ƙara mata fetur. Tun ƙarfe huɗun yammacin Asabar ake gudu, kuma ta shafe kusan sa'o'i 15 tana kan gaba, John Surtees ɗan Ingila da Willy Mairesse ɗan Beljiyam suna karɓa-karɓa a sitiyarinta. A garin sauri fetur ya zube a jikin motar. Mairesse ya ja ta ya wuce ƙarƙashin gadar Dunlop, yana taka birki zai shiga kwanonin da ke gangaren sai wuta ta tashi. Ya samu ya fito da ƙuna a jikinsa, motar kuwa nan tafiyarta ta ƙare, saura kamar sa'o'i biyar a tashi.

'Yar'uwarta mai lamba 21 ce ta gaji matsayin. Da ƙarfe huɗu na yamma Ludovico Scarfiotti da Lorenzo Bandini suka kammala zagaye 339, kimanin kilomita 4,561, wato gudun kusan kilomita 190 a kowace sa'a har da tsayawar shan mai da canjin taya. Motar ita ce Ferrari 250 P. Tun da aka fara wannan tsere na sa'o'i 24 a 1923, ba a taɓa samun motar da injinta ke bayan direba ta zo ta ɗaya ba sai ranar. Daga ranar kuma har yau, motar da injinta ke gaba ba ta sake cinye shi ba.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan lamari shi ne kamfanin da ya yi wannan abin. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba. Hasali ma yana cikin waɗanda suka fi jan ƙafa kafin su yarda da ita.

Sai mu fara da abin da ake nufi da inji a tsakiya, don ana yawan haɗa shi da inji a baya. Duk wanda ya san Volkswagen ɗin nan mai kama da kunkuru ya san injinta yana can ƙarshen gindi, ya wuce tayoyin baya. Wannan inji a baya ke nan. Inji a tsakiya kuwa yana zaune ne tsakanin kujerar direba da tayoyin baya, akwatin giya na biye da shi. Wanda ya taɓa ɗaure buhun hatsi a kariyar babur ya san yadda gaba ke yin sakayau, kan babur ya riƙa rawa a kwana. In ya jawo buhun kusa da bayansa sai tafiya ta daidaita. Haka abin yake a mota. Inji shi ne kaya mafi nauyi, to in ya zauna kusa da cibiya, motar tana saurin juya kai, tayoyin baya suna samun nauyin da za su kama ƙasa in an ba ta wuta, kuma in an taka birki tayoyi huɗun duk suna aiki, ba na gaba kaɗai ke shan wahala ba. Sannan babu dogon ƙarfen farfela da zai ratsa ta ƙarƙashin direba, don haka ana iya sauke kujerarsa ƙasa sosai, motar ta yi gajarta, iskar da za ta keta ta ragu. Akwai kuma maganar tankin mai. A tsofaffin motocin tsere yawanci a wutsiya yake, motar da ta tashi da cikakken tanki halinta daban yake da lokacin da ya kusa ƙarewa. In tankunan suna gefe da gefe kusa da tsakiya, halin motar ba ya sauyawa sosai.

Jamusawa sun san wannan tun da daɗewa. Motocin Auto Union na shekarun 1930, waɗanda Ferdinand Porsche ya zana, injinsu a bayan direba yake. Bayan yaƙi, kamfanin Porsche ya fito da 550 a 1953, kuma a 1956 Umberto Maglioli ya ci Targa Florio, tseren hanyar duwatsu na tsibirin Sisili a Italiya, da 550A. Magajiyarta 718 ta ci Targa Florio a 1959 da 1960, ta kuma ci tseren sa'o'i 12 na Sebring a Amurka a 1960. Amma waɗannan ƙananan motoci ne masu silinda huɗu, injinsu bai kai lita biyu ba. Abin da aka ɗauka a lokacin shi ne dabarar ta ƙaramar mota ce, mai kyau a hanyar duwatsu, ba ta babban inji ba.

Wanda ya fara girgiza wannan tunani ƙaramin kamfanin Cooper ne na Surbiton a Ingila, na Charles Cooper da ɗansa John. A Janairun 1958 Stirling Moss ya ci tseren Formula 1 (tseren motoci masu kujera ɗaya) na Ajantina da Cooper mai inji a bayan direba, ya bar motocin Ferrari a baya. Jack Brabham ya ɗauki kambun duniya da ita a 1959, ya maimaita a 1960. Su Cooper ko inji ba sa ƙerawa, saye suke yi daga kamfanin Coventry Climax.

Ana danganta wa Enzo Ferrari, mai kamfanin, maganar cewa doki jan amalanke yake yi, ba tura ta ba. Masu ba da labari kan kawo wannan don su nuna taurin kan tsoho. Ni ina ganin ba a yi masa adalci ba. Mutumin nan da kuɗin motocin da yake sayar wa attajirai yake ciyar da tserensa, kuma duk injinsu a gaba yake. A tseren dogon zango kuma ba shi da dalilin gaggawa, domin 250 Testa Rossa mai inji a gaba ta ci Le Mans a 1958, ta ci a 1960. Wanda ke cin kasuwa da hajarsa ba ya zubar da ita don maƙwabci ya zo da sabuwa. Inda ya ga ana cinsa, wato Formula 1, nan ya fara sassautawa. A Monako a 1960 Richie Ginther ɗan Amurka ya tuƙa motar gwaji mai inji a tsakiya ya zo na shida, kuma a 1961 Phil Hill ya zama zakaran duniya da Ferrari 156, ita ma mai inji a tsakiya.

A Fabrairun wannan shekara ta 1961, a taron manema labarai a Maranello, garin da kamfanin yake, aka nuna 246 SP, motar tsere mai kujera biyu ta farko da Ferrari ta sa wa inji a tsakiya. Babban injiniya Carlo Chiti ne ya jagoranci aikin. Bai taɓa babban injin mai silinda 12 ba. Ya ɗauko gajeren inji mai silinda shida, lita 2.4, mai ƙarfin doki kusan 270, wanda ake kira Dino don tunawa da ɗan Enzo, Alfredo, da ya rasu a 1956 yana da shekara 24. Gajeren inji ya fi sauƙin cusawa bayan kujera, kuma in an yi kuskure, Testa Rossa na nan tana riƙe da gida.

Kuskuren kuwa bai jima ba ya bayyana. Da aka kai motar gwaji a filin tseren Monza da ke Italiya, sai aka ga in ta ɗauki gudu sosai gindinta yana yin sauƙi, tana yawo a hanya. Iskar da ke bi ta saman bodin ɗaga ta take yi. Ginther, wanda ya yi aikin gyaran jiragen sama lokacin da yake soja, shi ake ba yabon maganin: aka kafa wani ɗan falle na ƙarfe a tsaye a ƙarshen wutsiya, daga wannan gefe zuwa wancan. Fallen yana karya iskar, gindi ya zauna. An ɗan rasa gudu a miƙaƙƙiyar hanya, amma direba ya samu natsuwar shiga kwana da ƙarfi. Ana ba da labarin cewa da abokan hamayya suka tambayi amfaninsa, sai aka ce musu don kada fetur ya fantsama kan salansa ne lokacin shan mai. Cikin ɗan lokaci kowa ya kwaikwaya, kuma ɗan tudun nan da ake gani a bayan motoci har gobe, danginsa ne.

A Sebring motar ta yi gaba na wani lokaci kafin sitiyari ya ba ta matsala. Sai Targa Florio a tsibirin Sisili, wadda ita ce jarrabawar gaske ga irin wannan mota: zagaye ɗaya kilomita 72 ne, a kan hanyar duwatsun Madonie mai ɗaruruwan kwanoni, ta ratsa tsakiyar ƙauyuka, mutane na tsaye a ƙofar gidajensu, kuma sau goma ake zagayawa. Moss na kan gaba da Porsche a zagayen ƙarshe, Wolfgang von Trips na binsa da 246 SP kamar zai tashi sama. Saura 'yan kilomitoci Porsche ɗin ta lalace. Von Trips da Olivier Gendebien suka ci. Akwai sa'a a ciki, ba musu, amma motar da ta iya bin Moss a wannan hanya har ta matsa masa ba ƙaramar mota ba ce.

A Le Mans ta 1961 kuwa, 246 SP ta Ginther da von Trips ta yi gogayya da manyan yayyenta masu silinda 12 tun daga yammacin Asabar har gari ya waye, tana shan mai ƙasa da nasu. Da safiyar Lahadi sai ta tsaya a hanya. Ba abin da ya karye. An yi kuskuren lissafi, fetur ya ƙare. Testa Rossa ta Hill da Gendebien ta ci.

Kafin shekarar ta fita, gidan ya shiga ruɗani. A ranar 10 ga Satumba von Trips ya mutu a Monza, tare da 'yan kallo 15. Bayan makonni kaɗan kuma rikicin cikin gida ya fashe. Manyan ma'aikata sun gaji da yadda Laura, matar Enzo, ke tsoma baki a harkokin kamfanin, suka rubuta takardar koke, shi kuwa ya sallame su. Chiti ya tafi, Giotto Bizzarrini ya tafi, manajan tsere Romolo Tavoni ya tafi. Mutumin da ya san sirrin sabuwar motar ciki da bai ya bar gidan rana ɗaya.

Enzo ya kira wani matashi ɗan shekara 26, Mauro Forghieri, wanda bai fi shekara biyu da kammala karatun injiniya a Jami'ar Bologna ba. Mahaifinsa ma ma'aikacin kamfanin ne, mai aikin injin sassaƙa ƙarfe. Aka damƙa masa sashen tsere gaba ɗaya. Duk lokacin da na karanta tarihin wannan shekara, wannan yaron nake tunani: ga motar Formula 1 da Ingilawa suka fara wucewa, ga 250 GTO da Bizzarrini ya bari ba a gama ba, ga jerin motocin SP, ga maigida mai wuyar sha'ani.

A 1962 ya ci gaba da abin da ya tarar. Motar 246 SP ta sake cin Targa Florio a hannun Mairesse, Ricardo Rodríguez da Gendebien, ta kuma ci tseren kilomita 1,000 na Nürburgring a Jamus a hannun Hill da Gendebien. A Le Mans, 'yan'uwan nan biyu 'yan Meziko, Pedro da Ricardo Rodríguez, sun hana babbar 330 TRI/LM mai lita huɗu sakat da ƙaramar 246 SP, suna karɓe gaba suna bayarwa, har cikin dare giya ta ba su kunya. Hill da Gendebien suka sake ci, kuma wannan ce nasarar ƙarshe ta inji a gaba. Darasin shekaru biyun a fili yake. Ƙaramar motar ta fi iya kwana, ta fi tattalin mai da taya, amma a miƙaƙƙiyar hanyar Mulsanne ta Le Mans mai kusan kilomita shida, inda ake take totur har ƙasa, ƙarfin inji ne ke magana, kuma wanda ya matsa wa ƙaramin inji sa'o'i 24 wani abu zai karye.

A nan ne Forghieri ya yi abin da nake ganin shi ne zuciyar lamarin. Bai zana sabon inji ba. Ya ɗauko tsohon mai silinda 12 na Testa Rossa, wanda asalinsa zanen Gioacchino Colombo ne tun 1947, injin da kanikawan Maranello za su iya kwancewa su ɗaure ido a rufe. Da tsohuwar zuma ake magani. Ya ɗauki ƙashin 246 SP, wato firam ɗin da ake ɗora inji da bodi a kai, ya ƙara masa tsawo, tazarar tayoyin gaba da na baya ta tashi daga milimita 2,320 zuwa 2,400, santimita takwas kacal, injin ya samu wurin zama. Wato ƙashin an gwada shi shekara biyu, injin an gwada shi shekaru da yawa, sabon abu ɗaya ne kawai, haɗa su. Surtees, wanda ya ci kambun duniya na babur har sau bakwai kafin ya koma mota, shi ya yi ta gwada ta a ƙarshen 1962, kuma mutum ne da ke iya gaya wa injiniya daidai inda mota ke ciwo.

A farkon Maris na 1963 aka nuna 250 P a Monza. Lambar 250 girman kowace silinda ce, sau 12 ya ba da kusan lita uku, ko a ce cc 2,953 daidai. Harafin P kuwa daga kalmar Italiyanci ce ta motar gwaji, wato wadda doka ba ta ce sai an ƙera da yawa an sayar ba. Kafireto shida na Weber, ƙarfin doki kusan 310, giya biyar a can baya, nauyi kusan kilo 760 ba tare da mai ba. Lagireto yana hanci, don haka ruwan zafi ta bututu yake bi ta gefen direba ya je inji ya dawo. Kamfanin Pininfarina ne ya zana bodin, kamfanin Fantuzzi ya buga shi, da wani faffaɗan baka a bayan kan direba mai daidaita iska, mai kuma ba da kariya in mota ta kife. Guda huɗu aka ƙera.

Tashin farko, a Sebring, Surtees da Scarfiotti suka zo na ɗaya, wata 250 P ɗin ta zo ta biyu. A Targa Florio ba su kai labari ba, Porsche ta Jo Bonnier da Carlo Abate ta ci. A Nürburgring Surtees da Mairesse suka rama.

Le Mans ta wannan shekara ta yi muni. Motoci 49 suka tashi, 12 kawai aka lissafa a ƙarshe. Da yammacin Asabar injin Aston Martin ta Bruce McLaren ya fashe a Mulsanne ya malalar da baƙin mai a kan kwalta, motoci suka yi ta zamewa, kuma Christian Heins ɗan Brazil ya mutu a cikin Alpine ɗinsa da ta kama wuta. Masu inji a gaba sun nuna ƙarfi da fari. Pedro Rodríguez ne ya fi kowa sauri a gwaji da tsohuwar 330 TRI/LM, babbar Maserati ta André Simon ta ja gaba a sa'o'in farko. Ɗaya bayan ɗaya suka zube. Kafin tsakar dare tseren ya koma tsakanin 'yan gida ɗaya, kuma ba don feturin da ya zube ba, da sunan Surtees da Mairesse ne a littafi. Sau biyu ke nan cikin shekara uku fetur na kayar da sabuwar motar a wannan fili, sau ɗaya don ya gaza, sau ɗaya don ya yi yawa, kuma duka biyun daga rumfar kanikawa abin ya fito, ba daga zanen ba. Mutanen da ke wannan rumfa sun kwana a tsaye, hannunsu na ƙuna da zafin ƙarfe, ana ƙirga musu daƙiƙa. Ban ga ta inda zan zarge su da zuciya ɗaya ba.

Scarfiotti da Bandini sun ba ta biyu, wata 250 GTO ta 'yan Beljiyam, ratar zagaye 16. Ta uku 250 P ce ta Mike Parkes da Maglioli, mutumin nan da ya ci Targa Florio da ƙaramar Porsche shekara bakwai baya. Motoci shida na farko duk Ferrari ne, kuma karo na farko ke nan da motar Italiya da direbobi Italiyawa zalla suka ci.

A cikin motocin da ba su gama ba akwai wata gajeriya daga Ingila, Lola Mk6 ta Eric Broadley, mai injin Ford silinda takwas a tsakiya, wadda giya ta jefa ta cikin hatsari. Wata ɗaya kafin nan, a Mayu, cinikin da kamfanin Ford ya so yi na sayen Ferrari ya watse, don Enzo ya ƙi sakin ikon sashen tsere. Ford ta ɗauki Broadley da motarsa, daga nan motar tserenta GT40 ta samo tushe. Ita ma sai da ta biya kuɗin makaranta: hancinta na ɗagawa a gudu, giya na karyewa, ba wadda ta gama Le Mans a 1964 ko 1965. Sai a 1966 McLaren da Chris Amon suka ci da ita.

Kafin nan Ferrari ta ƙara biyu. A 1965 Masten Gregory da Jochen Rindt suka ci da 250 LM, wadda ita ce 250 P da aka yi wa rufi. Enzo ya so hukumar tsere ta karɓe ta a matsayin motar kasuwa a 1964, hukumar ta ƙi don doka ta ce sai an ƙera 100, shi kuwa 32 ya ƙera gaba ɗaya. Bayan wannan nasara Ferrari ba ta sake zuwa ta ɗaya a Le Mans ba sai 2023.

Ta 1964 kuwa, Jean Guichet da Nino Vaccarella ne suka ci da 275 P, wato 250 P da aka ƙara wa inji zuwa lita 3.3. Shekaru da dama kowa ya ɗauka motoci biyu ne daban suka ci 1963 da 1964, domin takardun shiga tseren 1963 lambar ƙashi 0814 suka nuna. Da sashen kula da tsofaffin motoci na kamfanin ya binciki kundinsa, sai ya tarar 0814 ta yi mummunan hatsari a Nürburgring wata ɗaya kafin tseren, ba a gama gyaranta ba, aka tura 0816 da takardunta. Ita wannan 0816 ɗin ce kuma aka sa wa babban inji ta dawo a 1964. An bayyana haka a 2018, lokacin da iyalan Pierre Bardinon, Bafaranshen da ya saye ta a 1970 ya ajiye a gidansa na Mas du Clos, suka fitar da ita kasuwa.